Tsarabar Gwaggo daga Sinima

Ni mutum ne mai bincike kafin ya ci abu. Don haka da abokai suka ja ni sinima a Kano na ga wani murɗaɗɗen burodi mai laushi, sai da na tabbatar gasasshe ne, bai ga mai ba. Ga sheƙi, ga ƙamshi, ga fararen ƙwayoyi a samansa waɗanda na yanke hukuncin riɗi ne. Ko ɗanɗanawa ban yi ba, na naɗe shi sai garin Roni, wajen Gwaggo mai hawan jini.

"Gwaggo, daga yau ki bar ƙosai. Wannan shi ne abincin lafiya."

Ta gatsa, ta lumshe ido. "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Rabona da gishiri tun azumi!"

Yaya Hauwa, 'yarta mai tsare mata dokar likita, ta fizge ragowar, ta lasa, ta dube ni. "Riɗin naka har shanu za su yi layi a kansa."

Har yau in zan tafi Kano, Gwaggo kan yi ƙasa da murya ta ce min: "Likita, a taho min da maganin nan." In na dawo kuwa, tun a zaure Yaya take caje jakata.