Rasuwar Sarƙar Agogon Malam Mani Daudawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma miƙa wuya ga abin da ba shi da makawa, Malam Mani manomi, mazaunin Daudawa ta ƙasar Faskari, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Ƙanƙara da Sabuwa da duk inda labari ya kai, rasuwar abokiyar zamansa, Sarƙar Agogo. Ta cika ranar Litinin da hantsi a maƙerar Ɗanlahadi, bayan doguwar jinya da gajeriyar tiyata. Ya so a ce iyalansa ne ke sanarwar kamar yadda aka saba, amma da aka waiwaya cikin gidan sai aka ga shi kaɗai ne, sai awaki.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, ba irin sarƙar agogon nan ba ce mai gaɓa-gaɓa ta zamanin iyayenmu. Saƙa ce ta siririn ƙarfe, ƙanana-ƙananan idanu kamar rariya, ruwan azurfa, ga laushi. Ba ta da huda, ba ta da ƙugiya. A bakinta akwai ɗan mayen ƙarfe, kana zagaya ta a wuyan hannu ka saki, sai ta kama kanta, ƙas. Malam Mani bai taɓa jin wannan ƙas ɗin da kunnensa ba. A fatarsa yake jin sa, kuma ya ce ko a cikin dubu zai gane shi.

Dole a faɗi yadda ta shigo gidan, don in ba a san asali ba ba a san girman rashi ba. Kunnen Malam Mani ya daɗe da yin nauyi. Muddin matarsa Barakatu na raye abin bai dame shi ba, domin ita ce kunnuwansa. In an yi sallama a zaure, ta taɓa masa hannu. In an kira salla, ta taɓa masa hannu. In waya ta yi kuka a aljihunsa, nan ma haka. Da Allah Ya yi mata rasuwa sai gidan ya yi shiru iri biyu. Baƙi su zo su yi ta rangaɗa sallama, ba a amsa ba, su juya suna cewa Malam ya koma girman kai, alhali yana tsakar gida yana ba awaki dusa. A hankali ƙafa ta ɗauke.

Wayar kuwa ta yi ta kuka har ta gaji. Duk wanda ke da tsoho a wannan yanki namu ya san abin da ke faɗo wa mutum a rai idan ya kira gida ba a ɗauka ba. Autarsa Suwaibatu ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna. Ba a samunta in tana bakin aiki, ita ce ke kira duk lokacin da ta samu sarari, wani lokaci da safe, wani lokaci rana tsaka. Ita ta zo da agogon nan na zamani mai haɗuwa da waya, wanda ke girgiza in kira ya shigo, da marigayiya a jikinsa, ta ɗaura masa da hannunta.

Ta ɗaga murya ta ce, “Baba, in na kira zai motsa maka a hannu. Amma duk ranar da na yi ta kira ban same ka ba, to sai Kaduna. Ba sauran magana.”

Ya ce, “Yo ni mi zan yi Kaduna, ɗiyata? In hau bene in riƙa kallon motoci? Uwarki na nan, gonata na nan.”

Ta ce ta ji, amma sharaɗi sharaɗi ne. Ya yarda. Tun daga ranar zaman Malam Mani a gidansa ya rataya a wuyan marigayiya, ita kuwa ta ɗauka ba tare da ta taɓa gunaguni ba.

An shaide ta da riƙon amana. Kira na shigowa sai ta kawo masa saƙon, zirr-zirr, daidai wurin da Barakatu ke taɓawa. Karon farko da hakan ta faru yana gindin kuka yana fiƙe ƙota, sai da ya waiwaya ya duba bayansa. Ya ɗauki wayar ya manna wa kunnen da ke da sauran dama, suka gaisa da ɗiyarsa, bayan ta kashe ya zauna ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'izar Barakatu.

An shaide ta da haƙuri. Ta sha ruwan alwala safe da yamma ba ta yi wari ba, ba kamar 'yan uwanta na roba ba, masu jiƙe hannu da gumi su bar wa mutum ƙuraje. An kuma shaide ta da rufin asiri, wanda shi ne babban halinta. Tuwon da namiji ya tuƙa wa kansa ba ya zama a jiki, Malam Mani ya yi ta ramewa. Da maɗaurin fata ne da sai an ƙara huda, kowa ya gani. Ita kuwa sai ta ƙara matsowa kaɗan, ta kama kanta, ba wanda ya sani.

Ba a faɗin aibin mamaci, sai dai sanarwar da ba gaskiya a cikinta ba ta da lada. Marigayiya tana da tsunguli. Ta tsige gashin hannun Malam ɗaya bayan ɗaya har wurin ya koma kamar goshin jariri. Ba ta ga maciji da zare, ta warware aikin wuyan rigarsa ta Juma'a, ta bar shi da geza. Ga son mutane, in dai na ƙarfe ne. Ta maƙale a tankin ɗan acaɓa a hanyar Ƙanƙara, ta maƙale a ƙyauren langa-langa, ta taɓa janyo makullin wani bawan Allah a sahun salla, sai da aka yi ta ba da haƙuri bayan sallama. Amma wannan halin ne ya yi wa Malam Mani alherin da ba zai manta ba. Wata rana ya dafa ƙasa a ɗakin Barakatu zai tashi, ya ɗago hannu sai ga allura manne da bakin sarƙar, da guntun koren zare a hancinta. Allurar da Barakatu ta yi ta nema ce tana mita, har ta kwanta ciwon ajali ba ta gan ta ba. Ya soke ta a hularsa, tana nan har yau.

Ciwon marigayiya ya faro ne da damina, wajen zuba taki. Kowa ya san da hannu ake barbaɗa shi, kowa kuma ya san abin da takin zamani ke yi wa ƙarfe in ya haɗu da gumi. Malam ya sani sarai, ai ba ya barin fartanyarsa kusa da buhu. Amma cire sarƙar na nufin cire agogon, Suwaibatu kuwa ba ta da lokacin kira. Sai ɗigo-ɗigon tsatsa suka fito mata. Ƙasa da ƙaiƙayi suka cike idanun saƙar. Ya yi mata maganin da ya ga Barakatu na yi wa kwanukanta, wato toka da lemon tsami, ya dirje ta da kyau. Tsatsar ta fita, ruwan azurfar ma ya bi ta. Ya shafa mata man gyaɗa don ta yi laushi, kiyashi suka zo gaisuwa, ƙura ta kwanta a kan man ta zama kamar ƙullu. A maƙerar amininsa Ɗanlahadi, inda yake zuwa hira don shi kaɗai ne mai muryar da yake ji, garin ƙarfe ya yi ta taruwa a bakinta har ta yi gemu. Riƙonta ya fara sanyi.

Ranar kasuwar Ƙanƙara aka kai ta wurin Mas'ud mai gyaran waya. Ya juya ta, ya hura ta, ya girgiza kai.

Ya ce, “Baba, wannan ai ba ta gona ba ce. Ta masu ofis ce, masu zama cikin sanyin esi suna taɓa biro.”

Malam ya ce, “An ce mani ta sawar yau da kullum ce.”

Mas'ud ya ce, “Yau da kullum ɗin wa, Baba?”

An gwada na roba da ke rumfar, duk ba su shiga kunnen agogon ba. Mas'ud ya ce sai an yi saƙo Kano, kuma sai hanya ta yi daɗi. Wanda ya san hanyoyinmu ya san wannan ba rana ba ce.

Ɗanlahadi mutumin ƙasar Sabuwa ne, zaman can ya gagara ya dawo Daudawa da uwar maƙerarsa a bayan babur. Tun tasowarsa bai taɓa ganin ciwon ƙarfen da ya fi ƙarfin wuta ba. Ranar Litinin ya ga amininsa na ta matse sarƙa tana zamewa, sai tausayi ya kama shi.

Ya ce, “Malam, ƙarhe ne ko ba ƙarhe ba? In dai ƙarhe ne, kawo ta nan. Dauɗa ce ta yi mata yawa, wuta kau ba ta barin dauɗa.”

Aka zare ta daga jikin agogon, aka kwantar da ita a kan garwashi, zugazugi ya kama aiki. Man ya ƙone, ƙaiƙayin ya ƙone, ta fito tas, har da wani shuɗi-shuɗi mai kyau. Tsofaffin biyu suka yi ta murna. Da ta huce aka mayar da ita, Malam ya zagaya ta a hannu, ya saki, ya tsaya yana jira. Ƙas ɗin bai zo ba. Ta sulale ta bi bayan hannunsa, da ƙyar ya cafe agogon. Cikin su biyu ba wanda ya san wuta na kashe mayen ƙarfe. Ɗanlahadi ya yi ƙoƙarin lanƙwasa bakin ya zama ƙugiya, saƙar da ta sha wuta ta ɓalle a cikin awartakinsa. Nan ta cika. Malam Mani yana so a sani bai riƙe Ɗanlahadi da komai ba, abin da ya sani ya yi, kuma don ƙauna ya yi shi.

An jinkirta binnewa, don mai rashin ya ƙi yarda. Ranar Talata ya ɗaure agogon da robar tayar keke, ta tsinke a bakin rijiya, saura ƙiris marayan agogo ya bi uwarsa. Sai ya koma riƙe shi a tafin hannu. Amma dawa ta nuna, tsuntsaye sun fara rabonsu, yankan dawa kuwa hannu biyu yake so. Ranar Laraba ya jefa agogon a aljihun taguwa ya shiga gona, yana cewa ai yanzu zai fito. Agogon ya yi ta ɓari a cikin tsumma ba wanda ya ji. Sai da rana ta karkata Ɗanlahadi ya iso gonar yana haki, da tasa wayar a hannu, Suwaibatu na kan layi.

Ta ce, “Baba, yau a gaban marasa lafiya na yi kuka. Ka haɗa kaya, mota na zuwa ranar Asabar.”

Ya fara ba ta labarin sarƙa da taki da wuta. Ta ce ko sarƙa nawa yake so za ta saya masa a Kaduna, amma ita ba ta iya sake wuni irin na yau. Wannan maganar ya ji ta sarai, bai ce ta maimaita ba.

Marigayiya ta rasu ta bar agogo guda, lafiyarsa lau, ba shi da mai riƙonsa. Ta bar farin zobe na fata a wuyan hannun Malam, inda rana ba ta taɓa ba. Ta bar allura mai koren zare, da igiyar caji, da dawa rabi a yanke rabi a tsaye. Ta bar wa masu sha'awar irinta wasiyya: in aikinku a inuwa yake, ku aure ta, za ku ji daɗinta. In kuwa hannunku na shiga taki da ƙasa, ku bar ta ga masu ita.

Za a yi jana'iza yau Alhamis bayan La'asar. An tuntuɓi Liman, ya ce ƙarfe ba a yi masa salla, amma zai zo ya zauna. Za a naɗe ta a ƙyallen tsohon kallabin Barakatu, a binne ta a gindin zogalen da ke bayan madafa. Ɗanlahadi ya roƙi a bar masa haƙan ramin, an bar masa.

Zaman makoki a zauren gidan ne, yau da gobe Juma'a. Masu zuwa su shigo kai tsaye, su ɗaga murya, in bai waiwayo ba su taɓa masa hannu. Su yi masa uzuri in bai miƙa hannun gaisuwa ba, yana riƙe da maraya, ko Allah zai sa Suwaibatu ta kira ta sake shawara. Ba za a yi sadakar bakwai ba, domin mai rashin ba ya gari a lokacin. Awaki da makulli za su koma hannun Ɗanlahadi, sauran dawar kuma duk maƙwabcin da ya yanke ya ci halal.

Wanda labari bai iske shi da wuri ba, har ya zo bayan Asabar ya tarar da ƙofa a rufe, ana roƙonsa kada ya wuce haka nan. Ya tsaya ya yi sallama. Gidan ya saba da sallamar da ba a amsawa.