Rasuwar Gurmin Da'u na Gafasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani ɗaci da ya kasa haɗiyewa, Malam Da'u na Gafasa yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar gurminsa, wanda ya cika ranar kasuwar Ajingi bayan gajeriyar jinya.

Marigayin ɗan duma ne daga bayan ɗakin Indo, yayar Da'u. An shaide shi da haƙuri. Shekara da shekaru yana bin mai shi gona da bakin rijiya, yana raka waƙoƙin da ba wanda ya ce a yi: ta gyaɗar da ta ƙi fitowa, da ta jakin da ya tsaya tsakiyar titin Gaya yana tunani. Ba a taɓa gayyatarsu biki ba. Ran da suka kai kansu, tuwo aka ba su aka nuna musu hanya. Marigayin bai yi ƙorafi ba, sai dai tsirkiyarsa ta ƙasa da takan ce "gwarr" inda ba a zata ba.

Ciwon ya samo asali bara, da wani matafiyi ya ɗauki kiɗansu a waya. Mawaƙan Kano suka ji, suka taru suka sake rera waƙoƙin a albam guda, wai girmamawa. Hoton gurmin suka sa a gaba. Da'u kuwa aka yanke shi daga hoton, sai yatsunsa. Ranar ƙaddamarwa mota aka aiko wa marigayin, aka ɗaura masa bel a kujerar gaba. Da'u ya bi bas, ya isa ana naɗe tabarmi.

Da'u ba ya musun cewa da suka dawo ya ƙulla gaba da gurmin, ya rataye shi fuska ga bango. Da ya huce ya sauko da shi, sai ya tarar duman ya tsage, domin babu mawaƙin da bai rungume shi ya yi hoto ba. Aka gwada ƙaro, aka gwada ɗinki. Gurmin ya ce "tam" sau ɗaya, ya yi shiru.

Ya bar waƙoƙi da dama, duk sun koma birni sun yi ƙiba, ba sa gane gida. Ya bar Haruna maƙwabci, wanda ya sha korarsu daga inuwar darbejiyarsa, yanzu shi ake hira da shi a rediyo a matsayin amini. Ya bar Da'u, da murya babu rakiya.

Za a binne shi gobe bayan la'asar a gefen gonar gyaɗa. Waɗanda suka nemi gawar don su rataye a situdiyo, an ba su haƙuri. Ana karɓar gaisuwa a zauren Indo. Ana roƙon masu zuwa su kashe wayoyinsu tun daga ƙofa, domin rabin garin nan da waƙar jakin wayarsu ke kuka, kuma ba da muryar Da'u ba.