Ranar da Motar Bappayo Ta Yi Kuka

"Ina gajiyar ɗaurin aure? Ina hidima? Bayina na cikin gida duk sun tashi lafiya?"

Umara ne ke wannan gaisuwa, yana tsaye a gaban motar, hannuwa a baya kamar mai duba gonarsa. Bappayo na zaune a kujerar direba. Ya kashe mota a ƙofar gidansa da ke Azare, ya zare makulli, yana buɗe ƙofa sai motar ta ɗauki wani siririn kuka, ɗin-ɗin-ɗin, ba ƙaƙƙautawa. Ya rufe, ta yi shiru. Ya buɗe, ta ci gaba. Ga mutanen da suka rako shi daga masallaci sun cika rumfa a bayan motar, kowa ya miƙo wuya.

Motar 'yar Baljiyam ce, a shekarun da irinta suka fara shigowa, kuma bijimai Bappayo ya sayar ya saye ta. Ba don burga ba. Yelwa, 'yar yayansa marigayi, a hannunsa ta tashi, yau kuma aka ɗaura mata aure da wani malamin makaranta a Katagum. Ranar da dangin ango suka zo ganin kaya, wata goggon ango mai baki ta tambaya wai marainiyar a me za a kai ta, ko su aiko da a-kori-kura? Maganar nan ta tsaya wa Bappayo a rai. Ya ce mata a motar gidan ubanta Yelwa za ta shiga Katagum, da sauran rana, kowa na gani. To ga shi tun kafin azahar motar ta fara rera masa kuka a gaban jama'a.

Shi kuwa Umara ɗan goggon Bappayo ne, wadda ta auri Babarbare mai fataucin bandar kifi. Ga taubasantaka, ga wasan Fulani da Barebari, saboda haka babu abin da zai faɗa wa Bappayo a ga laifinsa.

"Dole ta yi kuka," in ji Umara. "Tun daga Turai aka ce mata mutum ne zai saye ta, ta zo ta tarar da Bafillace."

"Warin bandarka ta ji. Matsa daga gabanta."

"Ko dai nono ka zuba mata a tanki?"

"Umara, yau ba ranar wasa ba ce."

"Ranar ladabi ce. Ka gai da ubangidanka tukuna."

"Tsagen nan na fuskarka kakana ya yi wa kakanka don kada ya ɓace masa a kasuwa. Ni zan gaishe ka?"

"Kakan naka da ko wuƙa ba ya iya riƙewa sai sanda?"

Rumfa ta ɗauki dariya, ran Bappayo ya ƙara ɓaci. Ya koma ciki ya ja birkin hannu, ya murɗa rediyo, ya bubbuga gaban motar da tafin hannu, yana tsine wa dillalin Kano da ya sayar masa. Masu shawara, waɗanda ba sa ƙarewa a gidan biki, suka yi caa. Wani ya ce mai ne ya ƙare. Wani dattijo ya ce ƙila Baturen da ke da ita a ciki ya mutu, gara a tofa mata addu'a. Motar dai ba ta fasa ba.

Can Umara ya daina dariya.

"Fitilarka a kunne take."

"Ban taɓa kunna fitilar motar nan ba. Ba na tuƙin dare, kowa ya sani."

"Ni na kunna maka. Da za mu taso daga masallaci kowace mota ta kunna tata don a san biki ake, sai ta waliyyin amarya kaɗai ke tafe a makance. Kana gaisawa da mutane ta wancan gefen na zura hannu na murɗa. Masu ƙera ta sun san akwai irinku a duniya. In ka kashe ta ka bar fitila, kana buɗe ƙofa sai ta kira ka, don kada batir ya tsiyaye. Zo nan gaba ka duƙa ka gani, hasken rana ne ya dushe ta."

Da Umara bai ce a duƙa ba, da ƙila an wanye lafiya. Bara, a tsakiyar kasuwa, haka ya ce wa Bappayo ƙusa ta soki tayar tsohuwar Fijonsa. Bappayo ya tsuguna yana dubawa, sai Umara ya ɗora masa hannu a ka, ya kira mahauta su shaida bawansa ya zo gaisuwa. Har damina ta wuce yaran mahauta na tambayarsa lafiyar ubangidansa. Wannan abu bai taɓa barin zuciyarsa ba.

"Ka ci wancan," in ji Bappayo. "Ba za ka ci na yau ba."

"To matsa in kashe da kaina."

"Hannun banda ba zai sake taɓa motata ba."

"Bappayo, gaskiya nake faɗa maka."

"Rantse."

Nan fa shi ma Umara nasa taurin kan ya motsa. Kalma ɗaya ce za ta raba gardama, amma ga jama'a na kallo, sai ya gyara hula ya ce ubangida ba ya rantse wa bawa. Wani daga rumfa ya zagayo ya leƙa ya ce lallai a kunne take, sai dai da dariya ya faɗa, Bappayo kuwa ya ɗauka bakinsu ɗaya. Ya buga ƙofa da ƙarfi, ya kulle, motar ta yi tsit.

"Ka gani? Tsawa take so, kamar Babarbare."

Ya jefa makulli a aljihu ya shige gida. Manyan mutane biyu, kowanne da furfura a gemu, suka bar fitila na cin batir saboda kada ɗaya ya sauko wa ɗaya. Umara ya shiga a-kori-kurarsa ya tafi cikin fushi na gaske, ko shinkafar biki bai taɓa ba.

Bayan la'asar aka fito da Yelwa a lulluɓe, tana kukan rabuwa da gida, mata na guɗa. Goggon ango na gefe da jakarta a hammata, ido a kan motar. Bappayo ya buɗe ƙofa bai ji komai ba, har ya ji daɗi, ya ce a ransa ta yi hankali. Aka zaunar da amarya a baya. Ya murɗa makulli, motar ta ce ƙyat, ta yi shiru. Ya sake, ko ƙyat ɗin ba ta ƙara ba.

Maza suka tura ta har ƙarshen layi, suka turo ta suka dawo, amarya na ciki. Ashe irinta mai canja giya da kanta ba ta tashi da turi. Zufa ta jiƙa wa Bappayo babbar riga. Bai taɓa jin kunya irin ta wannan yammaci ba, kuma haushin duk na kansa ne, babu wanda zai ɗora wa.

"Ai da ma mun ce a aiko da a-kori-kura," in ji goggon ango, ba ta ko rage murya ba.

Kamar kiranta aka amsa, sai ga a-kori-kurar Umara ta shawo kwana, warin banda na riga ta isowa. A ransa Bappayo ya hango Yelwa a bayan motar kifi tana shiga Katagum, ya hango matar nan tana ba da labarin har ta mutu.

Umara ya tsaya, ya kashe motarsa, bai kalli kowa ba. Ya ɗaga murfin injinta, ya kwance batir, ya rungumo shi a kan rigarsa ta biki ya zo ya tsaya a gaban 'yar Baljiyam.

"Buɗe."

Bappayo ya ja abin buɗewa daga ciki, murfin ya ɗaga kaɗan ya tsaya. Akwai sauran maƙalli a ƙarƙashi, kuma ba a samunsa sai an tsuguna an laluba, daidai inda ƙafafun Umara suke. Har masu guɗa suka dakata. Bappayo ya dubi Umara, ya waiwaya ya dubi lulluɓin da ke kujerar baya, ya tattare rigarsa ya tsuguna.

"Jama'a ku shaida," Umara ya fara, sai ya tsaya. Ya dubi ƙeyar da ke gabansa, ya dubi batirin da ya cika masa hannu biyu. "Allah ya cece ka, ba ni da hannun da zan ɗora. Yi sauri, abin nan da nauyi."

Ana ɗaura wayoyi motar ta farfaɗo da kukanta, ɗin-ɗin-ɗin, don ƙofa a buɗe take. Fitilu biyu suka haska farar rigar Bappayo, yanzu da rana ta yi sanyi ko makaho ya gani. Umara ya zura hannunsa na banda ya murɗa kan sandar da ke gefen sitiyari, kukan ya ɗauke. Ya sake murɗawa, kukan ya dawo. Ya kashe.

"Abin da take faɗa maka ke nan tun safe. Ni na faɗa da Hausa, ita ta faɗa da Turanci, Bafillace bai ji ko ɗaya ba."

"Wa ya kunna?"

"Wa ya ƙi dubawa?"

"Wa ya ƙi rantsewa?" in ji Bappayo.

Daga ƙarƙashin lulluɓi aka ji wani sauti, kuma ba kuka ba ne. Amarya ce dariya ta kufce mata.

Bappayo ya murɗa makulli, motar ta tashi tashi ɗaya. Ya fito a hankali, ya cire sabuwar hularsa da ya ɗinka don wannan rana, ya kifa ta a kan ta Umara, ya danƙa masa makulli.

"Ranka ya daɗe," ya ce, haƙora a cije. "Shiga ka tuƙa. 'Yar gidan ubangida ai bawa ke kai ta."

"Motata kuma nan za ta kwana, a ƙofar gidanka, da warinta, har in dawo."

"Ta kwana. Baƙina su san irin dangin da Allah ya jarrabe ni da su."

Goggon ango ta nemi wuri a motar bas ta 'yan rakiya. Umara ya zauna da hula biyu a kai, ya kunna fitila da gangan, ya dubi Bappayo da ya shigo gefensa.

"In mun isa Katagum ta yi kuka, wa za ka saurara, ni ko ita?"

"Ita," in ji Bappayo, dariya na neman ƙwace masa. "Ita ba ta taɓa sa ni tsugunawa a kasuwa ba."