Tiya Ɗaya ta Garin Sarazan

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da tiya ta tona mini asiri. A da, in na buɗe baki na ce "lokacin da nake Faransa", kowa a gidana sai ya yi tsit. Yanzu kuwa murmushi ake yi.

Shekara talatin ina ba mutanen Maradi labarin galet, wata waina mai faɗi, siririya, da ake yi da garin sarazan. Faransawa na ce masa baƙar alkama, Rashawa kuma dafa tsabarsa suke yi kamar shinkafa (duk na ci, duk na ba da labari har an gaji). Kwatsam wani tsohon abokin aikina ya aiko mini da garin cikin leda, ba rubutun nauyi, tare da takardar bayani: kilo ɗaya na gari, lita biyu na ruwa, sai gishiri. Na gayyaci Malam Sani, uban matar ɗana, manomin alkama a Jiratawa, da ƙannensa biyu daga Tsibiri, su zo su ci da rana.

Ba mu da sikeli. Na juye garin cikin tiya, ya cika ta cif, ba saura. To wa bai san tiyar gero kilo biyu da rabi ba ce? Lita biyar ke nan.

Matata Hajiya tana tsaye bakin madafa ta ce, "Alhaji, gari fa ba tsaba ba ne."

Na ce, "Hajiya, kilo kilo ne, ko a Paris ko a Sabon Gari." (Har da Faransanci na maimaita mata, don takaici.) Na juye garin a roba, na tuttule ruwan duka.

Abin da ya fito ruwa ne tsululu, launin toka. Na zuba a kasko, ya bazu, ya manne, ya yage. Na biyu ma haka. Na bakwai na kankare da cokali ina zufa, ina zagin kaskon da harsuna uku. Garin da zan ƙara babu, baƙi kuma sun gama gaisuwa tun ɗazu.

Ban ankara ba sai ga Malam Sani ya leƙo (suruki fa, a madafa!). Ya dubi roba, ya dubi tiya, ya sunkuyar da kai cikin ladabi.

"Alhaji, gafara dai. Ka taɓa kai tiya ɗaya niƙa ta dawo tiya ɗaya?"

Ban taɓa kai niƙa ba a rayuwata.

Ya ce, "Gari tashi yake yi, iska ce a ciki. Wannan da ƙyar ya wuce kilo ɗaya da rabi."

Hajiya ta ɗauke robar, ta dama kunu da ƙullun, ta sa tsamiya da sukari. Surukaina suka shanye, ƙaramin yana cewa, "Ashe Turawa ma kunu suke sha, wahalar jirgi ce kawai."

Washegari na sayo sikeli. Yana nan bisa kanta, Hajiya na ɗora masa goro. Ni dai na koyi cewa cikar kwano ba nauyi ba ne, kuma tun ranar, in Hajiya ta yi magana a madafa, da Hausa nake amsawa: "To."