Nomau da Motar da Ke Yoyon Mai

A Tudun Gawo, gidan da ke bayan makarantar firamare na Malam Barnaba ne, tsohon hedimasta. Su uku ne a ciki: shi, da matarsa Tabita, da ƙanenta Nomau. Nomau ya haura arba'in, ga ƙarfi, ga biyayya. Aibinsa ɗaya ne: abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. A wannan shekarar yanar ido ta rufe wa Tabita ido biyu, har ba ta gane fuskar mijinta. Sai aka yi shela cewa likitocin ido za su zo asibitin birni ranar Alhamis, yini ɗaya tak, kuma ƙarfe goma za a daina ba da kati. Mil talatin da huɗu ne zuwa birnin, motar haya kuwa sai ranar kasuwa. Dogaronsu duka yana kan motar da ɗansu ya aiko musu, ita kuma ta fara yoyon baƙin mai.

Sallau bakanike ya zo ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Malam, ba yoyon ne ke ba ni tsoro ba, wayoyin nan ne. In mai ya jiƙa su, robar jikinsu ta yi laushi, ya bi su har cikin akwatin da ke sarrafa wutar motar. In ya kai can, ya fi ƙarfina."

Wata rana, bayan sun dawo daga Dankama sayen hatsi, Malam ya miƙa wa Nomau tsumma ya ce, "Duk inda ka ga man nan ya ɗiga, ka goge." Nomau ya goge injin tas. Ya sunkuya ya ga ɗigo a ƙasa, ya goge. Ya ga wani a ƙofar gida, wani a bakin hanya. La'asar ta yi, babu Nomau. Sai da wani mai babur ya zo ya ce, "Malam, surukinka yana kan gada a durƙushe, yana goge titi. Na ce ya hau in kawo shi, ya ce saura mil biyu ya kai Dankama."

Wata rana kuma Sallau ya ce a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar, don a gane daidai inda man ke fitowa. "Amma kada ka bari iska ta motsa shi." Nomau ya duba dutse, ya ga bai yarda da shi ba, sai ya shiga ya kwanta a kan kwalin tun hantsi har azahar. Da Sallau ya dawo, kwali fari sol.

"Ina ɗigon?"

Nomau ya nuna ƙirjin rigarsa.

"Kai, Allah ya shirye ka! To koma ka kwanta yadda ka kwanta."

Ya koma. Sallau ya bi shi da tocila, ya dubi tabon rigar, ya ɗaga kai sama, ya ga robar murfin injin ce ta tsage. Ya aika birni a sayo sabuwa.

Wata rana, kafin robar ta iso, Malam ya ce, "Ka wanke injin nan da omo, amma ko ɗigon ruwa kada ya taɓa waya." Da ya dawo daga gaisuwar rasuwa, ya tarar da injin yana ƙyalli, wayoyin motar kuma suna rataye a kan igiyar shanya, ja da kore da shuɗi, kusa da zannuwan Tabita. Ko ɗaya bai jiƙe ba. Malam ya zauna a kan turmi, ya cire tabarau, bai ce komai ba. Tabita ta ce daga ɗaki, "Malam, shirun nan naka bai yi mini ba. Me ɗan'uwana ya yi?" Ya ce, "Abin da na ce masa." Yini biyu Sallau ya yi yana mayar da su, sai yammacin Laraba motar ta tashi.

Ranar Alhamis da sassafe Sallau ya zo sallama. Ya ce, "Na sa sabuwar roba, na ƙara mai. Amma a hanyar zuwa, duk garin da kuka kai, ku tsaya ku buɗe bonet ku duba." Nomau yana gaba, ya ji. Sun tsaya a Dankama, sun tsaya a Rafin Kanya. Daga nan, ko bukka uku ya hango sai ya ce, "Malam, gari." Tsayawa tara, komai lafiya, agogo ya wuce tara da kwata. Suka zo wani wuri mai rumbu ɗaya da ɗaki biyu, wata tsohuwa tana sussuka.

"Malam, gari."

"Wannan ba gari ba ne! Kana so yayarka ta mutu ba ta sake ganin rana ba?"

Nomau ya leƙa ta taga ya ƙwala kira, "Iya, wurin nan yana da suna?"

"Gidan Tsamiya!"

"Ka ji ko, Malam. Yana da suna." Ya buɗe ƙofa ya zuro ƙafa waje, mota tana tafiya.

Malam ya taka birki. Ya fito, ya fizgi bonet don ya nuna masa babu komai. Sai ya tsaya cak. Marfin da ake zuba mai, wanda Sallau bai ɗaure sosai ba, gargadar hanya ta kwance shi, ya faɗa ya maƙale a gefen batir. Mai yana ta fantsama, ya jiƙa damin wayoyin, saura faɗin tafin hannu ya kai akwatin. Malam ya mayar da marfin ya murɗa da hannu biyu, ya cire hularsa ta zuwa coci ya goge wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfe goma saura minti shida suka karɓi kati.

A ranar aka yi wa Tabita aikin ido. Bayan kwana biyu aka cire mata bandeji, suka kamo hanyar gida. Tana baya, tana karanta duk allon da suka wuce da ƙarfi. A ƙauyen farko Malam da kansa ya tsaya, ya ce cikin ladabi, "Nomau, gari. Zo mu duba."

Nomau ya gyara zama ya lumshe ido. Ya ce, "Sallau hanyar zuwa ya ce. Bai ce komai a kan dawowa ba."