Rosalee Mai Ruwan Hoda Ta Kwanta Dama

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har ya bar wa haushi ɗan lungu kawai, Ronda Tackett ta garin Bell Fork da mijinta Orval suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar ƙaramar bindigarta, Rosalee, wadda ta kwanta dama ranar Asabar da hantsi a filin harbi na bayan gari, bayan gajeriyar rayuwa da doguwar jinya. Ta cika a hannun uwar ɗakinta, a gaban shaidu, a daidai lokacin da aka fi bukatarta. Duk wanda ya san halinta bai yi mamaki ba.

Marigayiya ba 'yar gidan kowa ba ce. An ce a wata masana'anta aka haife ta, amma lambar wayar da ke jikin kwalinta, duk wanda ya kira sai ya ji ana tambayarsa girman tayar da yake nema. Saboda haka ba a samu sanar da danginta ba, kuma ba a sa ran za su damu.

Ga waɗanda ba su san yadda ta shigo gidan Tackett ba, ga yadda aka yi. Ronda ta daɗe tana gadin wani sito na kujeru da gadaje a bakin kogi, makaminta tocila da rediyon hannu, albashin kuma ba ya zuwa da inshorar lafiya. Orval yana fama da ciwon suga tun kafin a rufe injin katakon da yake aiki, kuma allurarsa ta kowane wata ita ke fara cin abinci a gidan kafin kowa ya ci. Sai kamfanin gadin ya buɗe gurbi guda a motar ɗaukar kuɗin banki, gurbi mai inshorar da za ta haɗa har da miji. Sharaɗin ɗaya ne: ka zo da bindigarka, ka ci jarrabawar harbi da ita, kuma ita za ka riƙa ratayawa a bakin aiki. Harbi ba baƙon abu ba ne ga Ronda, tun tana yarinya take kaɗo kurege daga kan bishiya da doguwar bindigar babanta. Ta tara abin da ta tara daga aikin ƙarin lokaci, ta shiga shagon jingina, ta ga wata tsohuwar bindiga mai juyi, baƙa, mai nauyi, duk jikinta ƙarzuna, wadda ta yi shekaru a ƙugun wani ɗan sanda kafin su yi ritaya tare. Kuɗinta daidai da duk abin da ke hannun Ronda. Ta ɗaga ta, ta ji ta zauna mata a hannu, ta dawo tana yabonta har ga abokiyar aikinta Twyla Mullins.

A nan ne Dewey ya shigo. Dewey ƙanin Orval ne, mutumin da bai taɓa harbin wani abu ya samu ba in ban da allon kan hanya, amma ya kalli bidiyon bindiga a waya har ya zama malami.

"Haba matar yaya," in ji shi, bakinsa cike da wainar masarar da ba a gayyace shi ci ba, "wannan gatarin za ki rataya a ƙugu? Ai sai ki koma tafiya a karkace. Mace ƙaramar aba take so, mara nauyi, wadda za ta kwanta a jaka tare da jan-baki."

"Dewey, ni ba jan-baki zan harba ba."

"Ke dai ki biyo ni baje koli ranar Lahadi. Rabin kuɗin nan ma ba za ki kashe ba."

Da Dewey ne kaɗai, da ta kore shi da tsintsiya. Amma Orval ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Ron, ki ɗan saurare shi mana. In an samu ragi, ko batirin mota sai a canza." Ronda ta san mutumin nan kunyar kowace dala da ake kashewa saboda shi yake ji, kuma wannan kunyar tasa ce ta karya mata zuciya. Ta ce to.

An haɗu da marigayiya a kan wani tebur tsakanin mai sayar da zuma da mai kilishin barewa. Sabuwa fil, tana sheƙi, mariƙinta ruwan hoda. Ronda ta yi tambaya guda, ta ce, "Tana tashi?" Mai tebur ya juya ya ba Dewey amsa, ya ce mata rububinta suke yi. Ta sake tambaya, ya sake gaya wa Dewey cewa tana da takardar garanti. Kafin su kai mota Dewey ya riga ya raɗa mata suna.

Za a daɗe ana tuna kyawawan halayen Rosalee. Mai son zaman lafiya ce ta gaske, domin tsawon rayuwarta ba ta taɓa yarda a tilasta mata tayar da hankalin kowa sau uku a jere ba. Ba ta taɓa zubar da jinin wani mahaluki ba sai na uwar ɗakinta, wadda take cizo a tsakanin babban yatsa da manuni duk lokacin da ta ga dama ta tashi. Mai tsantseni ce wajen abinci: harsashi mai araha ba ya wuce mata maƙogwaro, sai mai tsada, shi ma sai ta yi yanga. Ta haka ragin da aka samu ya bi ta bakinta ya wuce, batirin mota kuma har yau sai an ɗaga murfi an ƙwanƙwasa shi. Tana da kyauta kuma, don duk ƙwanson harsashin da ta fitar, da zafinsa take jefa wa Ronda cikin wuyan riga.

Maganarta ba ta da yawa. In ranta ya yi daɗi takan ce "tau". In bai yi ba takan ce "ƙyas", kuma wannan ce kalmar da iyali suka fi saninta da ita. Wani lokaci ko ƙyas ɗin ma ba ta cewa, sai ta kama harsashi a baki rabi ciki rabi waje, ta yi shiru tana kallon sama.

An yi mata magani iya gwargwado. Dewey ya fara cewa baƙunta ce, sai ta ci harsashi da yawa za ta ware. Ta ci, ba ta ware ba. Sai ya ce mai ne ya yi mata kaɗan, daga baya ya ce mai ne ya yi mata yawa. A ƙarshe ya gano asalin cutar, ya ce, "Matar yaya, kar ki ji haushi, wuyan hannunki ne ba shi da ƙarfi." Wannan ga matar da take tura kabad ita kaɗai idan masu dako sun tashi. An kai marigayiya wurin mai gyaran bindiga, ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya ce kuɗin buɗe ta ma ya fi ta daraja. Ran nan Ronda ta koma shagon jingina, ko za a karɓi Rosalee a ba ta tsohuwar bindigar nan a bi ta cikon. Mai shagon ya yi dariya har da tari, sannan ya ce ai tsohuwar ma an saye ta tuni. Ba ta tambayi wanda ya saya ba.

Ranar Asabar, ranar jarrabawa, ta san wanda ya saya. Masu neman gurbin suka jeru a filin harbi, kowa da takardar da zai saita ya harba a gabansa, Sajan Combs mai ritaya yana bin bayansu da usur a wuya. A layin da ke damanta Twyla ce tsaye, tsohuwar baƙar bindigar nan a ƙugunta, ƙarzunanta na nan yadda Ronda ta bar su.

"Tsakani da Allah, Ronda," in ji Twyla, idonta a ƙasa, "ke kika ce min kin fasa."

"Na fasa ɗin. Gyara tsayuwarki, za a busa."

Aka busa. Rosalee ta ce tau, ta ce tau, har Ronda ta fara tunanin ko yau za a rufa mata asiri. Sai ta ce ƙyas. Ronda ta ja ƙarfen samanta, ta zubar da harsashin da ya maƙale, ta mayar, marigayiya ta ƙara tau guda don sallama. Daga nan sai aka ji wata 'yar ƙara da ba a saba ji ba, ƙarfen samanta ya tsage, wata waya mai murɗi ta yi tsalle daga cikinta ta faɗa ciyawa, guntun da ya ɓalle kuma ya gangara ya tsaya a gaban takalmin Sajan. A layin dama tsohuwar tana ta faɗin abin da ta saba faɗa tun zamanin ɗan sanda, dum, dum, dum, ba gargada ba neman afuwa.

"Mis Ronda, ajiye ta a hankali, bakinta na kallon gaba," in ji Sajan. Ya je ya duba takardarta, ya dawo yana sosa ƙeya. "Harsasan da suka fita duk sun shiga inda ake so, tafin hannu ɗaya zai rufe su. Amma ba ni da ikon rubuta waɗanda ba su fita ba."

"A ara min wata in ƙarasa."

"Kin san doka, wadda kika ci da ita, ita za ki rataya."

"Yaushe za a sake buɗe gurbi?"

"Sai wani ya yi ritaya. Kuma duk yara ne a motar nan."

Daga bayan shingen waya aka jiyo muryar Dewey yana cewa, "Ai sai da na ce a ƙara mata mai!" Ronda ta waiwaya ta dube shi sau ɗaya, ya tuna yana da uzuri a wani wuri. Orval yana zaune a mota yana jira. Da ya hango fuskarta sai ya kashe rediyo, suka dawo gida.

Marigayiya ta rasu ta bar kube ruwan hoda wanda ba wata bindiga mai mutunci da za ta yarda ta shiga. Ta bar gidan harsashi guda biyu, ɗayan tun ranar farko bai taɓa shiga jikinta ba. Ta bar takardar garanti da tabo a hannun Ronda. Ta bar mai raɗa mata suna, Dewey, wanda har jiya yana gaya wa mutane a gidan mai cewa matsalar wuyan hannu ce. Ta kuma bar Orval, wanda tun ranar bai sake ambaton batiri ba. Ranar Talata Ronda ta shiga kicin ta same shi yana zuƙar rabin allurarsa a sirinji yana mayar da kwalbar firji. Ya ce ai kwana biyun nan jikinsa da sauƙi. Ta daɗe da sanin ƙaryarsa, amma wannan ce ta farko da ta ba ta tsoro.

Iyali suna godiya ga duk waɗanda suka zo ta'aziyya da tukwanen wake da taliya mai cuku. Suna godiya ta musamman ga Twyla, wadda ta samu gurbin, ta kuma zo da kek a hannu da hawaye a ido. Ronda ba ta riƙe ta da komai ba, mace ce mai 'ya'ya uku, ta ji shawara mai kyau ta ɗauka, abin da mai shawarar ta kasa yi. Ana roƙon masu zuwa nan gaba su zo da abinci idan suna so, amma su bar shawararsu a mota. Duk namijin da ya fara magana da "da ni ne", za a nuna masa ƙofa tare da tukunyarsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa bayan an karya kumallo, a filin ajiye motoci na cocin Methodist, inda fasto ta saba tara bindigogin da masu su suka gaji da su, a yanka su da injin zarto, maƙeri ya mayar da ƙarfen kayan lambu, a ba mai gawa katin sayayya na babban kanti. An riga an nuna wa maƙerin marigayiya. Ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya ce wannan ƙarfen ko cokalin shayi ba zai yi ba, in ya ga wuta narkewa zai yi kamar kyandir. Fasto ta ce ba komai, a wurinta ba a nuna bambanci tsakanin mamata, kati ɗaya ne ga kowa.

Dewey ne zai ɗauki gawa. Ronda ta zaɓa masa leda fara tas, wadda ake ganin abin da ke ciki, kuma a ƙasa zai taka, ta gaban gidan abincin da abokansa mafarauta suke shan kofi a bakin taga. Ya nemi a ba shi jaka baƙa, an gaya masa wuyan hannunsa ba zai iya da nauyinta ba.

Ba za a yi zaman uku ko na bakwai ba, domin ranar Litinin Ronda tana da aiki a sito, tocilarta kuma har yanzu tana kamawa. Ba a bukatar furanni. Da zarar zarto ya gama aikinsa, ayari zai zarce babban kanti, ya wuce layin abinci, ya tsaya a tagar masu magani, inda katin zai sayi allurar Orval ta wata guda, cikakkiya, kuma Ronda za ta tsaya a kansa ta ga ya zuƙe ta daidai. Don kare mutumin nan aka sayo Rosalee tun farko. Ga shi za ta kare shi, sau ɗaya, bayan an yanka ta gida uku.