Jan Fenti a Kan Faifai

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Gusau ba, shekarar da soja suka miƙa mulki. Muna da 'yar ƙungiya ta masu koyon Linux, manhajar kwamfuta da kowa ke da izinin kwafa ya ba wani kyauta. Ba a biyan kowa. Malam Bello, malamin lissafi, shi ya samo faifan manhajar daga Kaduna, shi ke koyarwa. Ni kuwa aka ba ni ajiyar kaya, saboda aikina kula da sito ne a makaranta (ban fahimci kwamfuta sosai ba, amma na fahimci tsari).

Dokata ta farko: kaya ba ya fita. Malam Lawali na Tsafe ya taɓa tafiya Zariya da faifan ba da sanina ba, na yi masa faɗa a gaban jama'a. Ta biyu: kowane kaya sai an yi masa shaida. Na sa jan fenti a benci, a buta, a wayar wuta. Da na zo kan faifan, na ga fuska ɗaya da hoton tsuntsu, ɗayar fes tana ƙyalli. Sai na rubuta a mai ƙyallin (har na shanya shi ya bushe).

Ranar da za a saka wa kowa manhajar, mutane suka zo daga Bungudu da Tsafe, kowa da kwamfutarsa naɗe a bargo. Wani ya rufe shagonsa na buga takardu don wannan. Na buɗe akwati, na miƙa faifan da hannu biyu.

Malam Bello ya juya shi, ya daɗe yana kallo.

"Malam, wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne," na ce, har da gyara hula.

"To, ta nan kwamfuta ke karanta shi."

Nan na gane fentina ya lalata faifan.

Sai Malam Lawali ya sa hannu a aljihun rigarsa, ya zaro faifai biyu, ya dube ni. "Abin da ya kai ni Zariya ke nan, kwafin faifan na yo. Ranka ya daɗe, a ba ni izini in fito da su?"

Aka yi dariya, ba wanda ya ƙara tada maganar. Kafin la'asar kowa ya koma da kwamfutarsa tana aiki, faifai ɗaya ya bi 'yan Bungudu.

Tun ranar na gane abin da aka yi don a raba, kulle shi ne haɗarinsa. Fentin dai ba su karɓe mini ba, amma benci kaɗai suke miƙo mini.